Garin da talauci ya ajiye

Kawuna ne ya fara faɗar maganar, ba ni ba. Muna tsaye a babban titin Lavenham gaban wani gida mai ruwan lemo da ya karkace kamar wanda aka hankaɗa aka fasa, ya gyara hula ya dube shi tun daga ƙasa har sama, sannan yace "kai ɗan nan, wannan in a Kano ne ai tuni maƙwabta sun je wajen mai unguwa a zo a sauke shi kafin ya danne 'ya'yan mutane." Nace Kawu gidan nan fa tun wajen 1395 aka gina shi. Ya yi shiru. Can yace to Allah ya kyauta, amma shi dai ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai kwana a ciki ba.

Ya zo ganin likita ne a nan Ingila, an gama abin da za a yi masa ya samu sauƙi, zaman gida ya ishe shi, kuma mutum ne da ya yi shekara arba'in da wani abu yana sana'ar tufafi tsakanin Kurmi da Kwari, shi ya sa nace bari in kai shi garin masu tufafi na Turawa ya gani. Lavenham ɗan ƙaramin gari ne a yankin Suffolk, gabashin Ingila, tsakanin Sudbury da Bury St Edmunds. Mutanen garin gaba ɗaya ba su kai dubu biyu ba, wato wani layin a Fagge ma ya fi su yawa, amma gine-ginen da gwamnati ta sa a rajistar kayan tarihi a cikinsa sun haura 300. Ko ina ka juya gidan katako ne da farar ƙasa, wannan ya jingina da wancan, bene ya turo ƙirji kan titi, taga ta kalli gabas ƙofa ta kalli kudu, ga 'yan yawon buɗe ido kowa da waya a hannu.

Abin da yasa nake wannan rubutun shi ne wata magana da na gaji da ji. Duk lokacin da aka sa hoton irin waɗannan garuruwan a Facebook, ko kuma aka rushe wani abu a gida, sai kaga an yi ca, Turawa sun san darajar tarihinsu, mu kuwa ba mu san komai ba sai rushe-rushe, baƙar fata kenan, da sauransu. Ni ma na sha faɗa. Amma bayan na je Lavenham sau uku, na karanta allunan da suka kafa da kansu, na daina. Ba ƙaunar tarihi ce ta ajiye garin nan ba. Talauci ne ya ajiye shi, talauci na shekara ɗari uku da ɗoriya, kuma su kansu mutanen garin ba sa ɓoyewa, mu ne muke ƙara musu gishirin da ba su nema ba.

Ga yadda abin yake. A 1257 Sarki Henry na Uku ya ba garin takardar izinin cin kasuwa, don a lokacin ba ka isa ka kafa kasuwa haka kawai ba sai da yardar sarki. Daga nan sana'ar ulu ta kama, a tsefe gashin tumaki, a rina, a kaɗa zare, a saƙa, kuma abin da garin ya yi suna da shi wani yadi ne mai kauri shuɗi, wanda fatake suke ɗauka har Rasha. Kuɗi ya shigo kamar ba gobe. A lissafin harajin 1524 wannan ɗan garin shi ne na 14 a arziki a duk Ingila, ya biya harajin da ya fi na manyan birane irin York da Lincoln. To mai kuɗi kuma ko ina halinsa ɗaya ne, sai gini. Suka dinga kafa gidaje da wani icce mai tauri da suke ce wa oak, kuma saboda gaggawa da kuma sauƙin sassaƙa, ɗanyensa suke aiki da shi, yana bushewa a jikin gini yana murɗewa, shi ne karkatar da Kawu ya gani. Har gasa suke yi wajen jera katakon kusa da kusa a fuskar gida fiye da abin da ginin yake buƙata, don mai wucewa ya san akwai su. Da na yi wa Kawu wannan bayanin dariya ya yi yace ashe su ma suna yin gate mai zinare.

Cocin garin ma haka. Yana can bakin gari kan tudu, hasumiyarsa ta haura mita 40, an lulluɓe ta da baƙin dutsen ƙyastu da aka farfasa aka jera, tun kana nesa cikin gonaki kake hango ta, kuma in ka duba girman garin sai ka rasa wa aka gina wa wannan abu. Gidaje biyu ne suka fi zuba kuɗi, gidan Spring attajiran tufafi, musamman Thomas Spring wanda ya mutu a 1523, da kuma basaraken yankin John de Vere, wanda ya ja dakarun gaba a yaƙin Bosworth na 1485 da ya ɗora Henry na Bakwai kan mulki. Kowannensu ya sa an sassaƙa tambarinsa a jikin dutsen, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, tauraron de Vere nan, alamar Spring can. Kawu yace wannan ai shi ne a gina masallaci a rubuta suna da babban baƙi a ƙofa. Ban ce komai ba.

Sai kuma rana ta juya. Yaƙe-yaƙen Henry na Takwas suka dagula kasuwannin waje, haraji ya yi nauyi har a 1525 masaƙan yankin suka taru a Lavenham suka yi bore, daga baya kuma 'yan gudun hijira daga ƙasar Holan suka sauka a Colchester, nan kusa, suka fara saƙa yadi mara nauyi mai araha wanda ya shiga yayi. Shi kenan, wa zai sayi bargon ka mai tsada. Nan ne Kawu ya tsaya ya daina wasa, don wannan labarin ya san shi a jikinsa, yaga lokacin da masaƙun Kaduna da na Bompai da Sharada suke aiki dare da rana, yaga kuma lokacin da kwantenar China ta fara sauka a Kwari. Yace "ka ce musu mun san wannan ciwon."

To a nan maganata take. Da kuɗin ya gudu daga Lavenham, gidajen suka tsaya yadda suke don babu mai halin taɓa su. A garuruwan da arziki ya ci gaba, irin su Bury St Edmunds da ke kusa, da yayin jan bulo ya zo a shekarun 1700 sai masu hali suka rushe na katakon ko suka lulluɓe fuskarsa da bulo, don a lokacin gidan katako alamar ƙauyanci ne, kamar dai yadda muke kallon ginin ƙasa yanzu. Mutanen Lavenham ba wai sun ƙi bin yayi ba ne, aljihu ne ya hana. Gidan da attajiri ɗaya ya gina sai aka yayyanka shi ɗaki-ɗaki aka zuba talakawa 'yan haya, aka shafe katakon da yaɓe, ana maneji. Kasuwar ma ta mutu. Babban ɗakin taron nan da ake ce wa Guildhall, wanda ƙungiyar attajirai ta gina wajen 1530, wanda yanzu shi ne hoton da ake sa wa a jikin kofi da kati, an mayar da shi kurkuku, an mayar da shi gidan da ake tara matalauta ana sa su aiki, an mayar da shi sito. Har yara ƙanana an tsare a ciki. A shekarun 1800 abin da ya riƙe garin saƙar gashin doki ne da tabarmar ɓawon kwakwa. Wannan shi ne garin da muke cewa an adana shi saboda ƙauna.

Kuma ko da aka fara gane cewa tsofaffin gidajen nan suna da kyau, abu na farko da masu kuɗi suka yi shi ne su saya su kwance su su tafi da su. E, gidan katako ana kwance shi kamar gado, a zare turaku a loda a kai wani wuri a sake haɗawa. Wajen 1911 an fara kwance wani tsohon gini na garin da ake kira Wool Hall don a kai wa wata gimbiya 'yar Sarauniya Victoria, sai da wani limamin coci da wata ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine, wadda wani mai zane William Morris ya kafa tun 1877, suka tayar da ƙura, sannan aka dawo da katakon aka mayar inda yake. Yau yana cikin otal ɗin Swan. Kaga kenan mutane ƙalilan ne masu taurin kai, irin waɗanda a lokacinsu ana musu kallon marasa aikin yi. Irin su wasu tagwaye 'yan gidan Gayer-Anderson da suka sayi gidan da ake kira Little Hall suka gyara shi suka cika shi da kayan da suka tara, ɗayansu shi ne mai gidan nan na Alƙahira da ke jikin masallacin Ibn Tulun wanda yanzu gidan tarihi ne, waɗanda suka yi karatu a Masar za su san shi.

Bayan masu taurin kai sai doka ta biyo. Daga 1947 Ingila ta fara rajistar gine-ginen tarihi gadan-gadan, kuma yau in gidanka yana cikin rajistar nan, naka ne amma ba naka ba ne. Ba ka isa ka canza taga ko ka fasa bango ko ka cire tsohon murhu ba sai ka rubuta ka nemi izini, in ka yi gaban kanka laifi ne da zai iya kai ka gidan yari har shekara biyu banda tara. Guildhall ya koma hannun National Trust, ƙungiyar adana wuraren tarihi ta ƙasar, a 1951. A shekarun 1960 har wayoyin da ke rataye kan tituna suka binne a ƙasa don kar su ɓata fuskar gari. Ni a ganina wannan dokar daidai ce, kuma na san takura ce, na san akwai zalunci-zalunci a cikinta. Amma in ka bar wa kowane mai gida ra'ayinsa, Bature ne ko Bahaushe, ranar da kuɗi ya shigo masa zai cire tagar da iska ke shiga ya sa ta roba, kuma ba za ka ga laifinsa ba don shi yake kwana cikin sanyin. Ba a bar su da halinsu ba ne kawai. An ɗaure musu hannu.

Na shiga Guildhall da Kawu. Daɓen benen katako ne mai faɗi da ya lotsa a tsakiya, kana tafiya kana jin kamar kana cikin kwalekwale, Kawu ya riƙe hannuna yana cewa "a hankali ɗan nan, ni ba a gama ɗinke ni ba." Na sa hannu a jikin wani ginshiƙi, tauri kamar ƙarfe, duk ya tsattsage amma ko gezau, kuma babu ƙusa, turakun icce ne aka buga suka riƙe mahaɗar. Akwai masaƙa a ajiye a wani ɗaki, akwai kuma wata busasshiyar kyanwa cikin gilashi da aka tsinta a rufin wani gida, wai da can ana sa wa ne don korar mayu. Kawu ya daɗe yana kallonta, yace "au, ashe su ma." A bayan ginin akwai ɗan lambu da suka shuka itatuwan rini, ciki har da ganyen da suke samun shuɗin, sunansa woad. Ba baba ba ne, ganyensa ya fi kama da alayyahu, amma sinadarin da ke ba da launin iri ɗaya ne da na babanmu, kuma shi ma sai an jiƙa an bar shi ya ruɓa ya yi wari kafin ya kama. Kafin in ankara Kawu ya tsinki ganye ɗaya ya murza ya kai hanci. Nace Kawu ba a taɓawa fa. Yace ganye ne ba Alƙur'ani ba. Da wata dattijuwa mai aikin sa kai a wurin ta yi mana bayanin cewa su ulun suke rinawa tun kafin a kaɗa a saƙa shi ya sa launin ba ya fita, na fassara masa, yace to ai saƙi kenan, gaya mata mu ma zaren muke rinawa. Sannan ya sa ni in tambaye ta ina marinar garin take, yana so ya gaisa da marina.

Babu. Ko ɗaya. Babu mai rini, babu masaƙi mai cin abinci da saƙa, shekaru aru-aru kenan. Matar ta yi murmushi tace sai dai a hoto. Na ciro waya na nuna mata bidiyon Ƙofar Mata, mutum zaune bakin rami hannunsa shuɗi har gwiwar hannu yana tsoma yadi yana ɗagawa iska ta buge shi, nace mata wannan wurin ana cewa tun 1498 yake, wato kafin a gina ɗakin da muke tsaye a ciki, kuma jiya ma an yi aiki a wurin. Sai da ta kira abokiyar aikinta ta zo ta gani.

Wannan ne ɓangaren da masu yabon Turawa ba sa faɗa. Garin yana da kyau, wallahi yana da kyau, amma filin kasuwar da sarki ya ba izini a 1257 yau wurin ajiye motoci ne. Gicciyen dutsen da aka kafa a tsakiyar kasuwar tun farkon shekarun 1500 yana nan tsaye, motoci sun kewaye shi. Shagunan garin yawanci na shayi ne da kek, da na zane-zane, da na tsofaffin kaya masu tsada, mun sha shayi kofi biyu da wani burodi-burodi da ake shafa wa man shanu, Kawu ya tambayi kuɗin, na faɗa, ya juya shi zuwa naira a kansa ya ajiye kofin a hankali. Gidajen da talakawa suka cunkushe a ciki shekara ɗari uku, waɗanda zaman su a ciki ne ya hana su faɗuwa, yanzu jikokinsu ba su isa su saya ba. Masu ritaya daga Landan ne, da masu gida biyu da ke zuwa ƙarshen mako, da masu ba 'yan yawo haya na kwana uku. Yarinyar da ta kawo mana shayin na tambaye ta ko 'yar garin ce, tace a'a daga Sudbury take zuwa kullum a bas, ina ita ina zama a nan. Jirgin ƙasa ma ya daina ɗaukar fasinja a garin tun 1961. In yamma ta yi baƙi suka watse sai kaji tsit, ba yaro a waje ba mai talla ba kowa. Mun nemi inda za mu yi la'asar muka ƙare a kan ciyawa bayan wurin ajiye motoci, wani tsoho da karensa ya ja ya tsaya nesa har muka sallame sannan ya wuce, ya ɗaga mana hannu.

Duk da haka in aka ce in zaɓa, a bar garin haka ko a ce da an bar kowa ya rushe ya yi abin da yake so, zan ce a bar shi haka. Don gidan da ke tsaye ana iya gyara dokar haya a dawo da mutane cikinsa wata rana, wanda aka rushe kuwa sai dai labari. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce mana wai jininsu ne daban.

Kawu bai bar ni na sha da daɗi ba amma. A mota muna dawowa nake ta wannan bayanin nawa na talauci, ya bari na gama sannan yace "ɗan nan, karatun naka da gyara. Su icce ne da su. Icce in ka ƙyale shi ya ƙyale ka. Mu ƙasa ce. Gidan ƙasa in ka yi damina uku ba ka yi yaɓe ba, ba ka duba indararo ba, ba sai an kawo katafila ba, da kansa zai zauna." Kuma gaskiyarsa ne. Talauci ya ajiye Lavenham ne saboda oak yana jure wulaƙanci, tubali kuwa kullum yana son hannu. Wato namu ya fi nasu wuya, mai kuɗi ya rushe, talaka kuma ruwa ya rushe masa. Badalar Kano da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara ɗari tara da suka wuce, ba gwamnati kaɗai ta cinye ta ba, damina ta ci, masu ɗibar ƙasa sun ci, masu yanka fuloti sun ci. Amma Ƙofar Na'isa da aka sauke a 2010 don faɗaɗa titi aka sake ta da siminti, wannan ba ruwan sama ba ne, kuɗin kwangila ne. Kuma in ka zaga cikin birni yau ka duba inda aka rasa soro mai zanko aka samu plaza, ba gidan matalauta ba ne, gidan da wani ɗa ya yi kuɗi ne, ko kuma gidan da aka raba gado magada ashirin ba wanda zai iya sayen kason sauran sai aka sayar wa ɗan kasuwa. Ita ma maganar gadon gaskiya ce da ba a son taɓawa, hakkin marayu ne da zawarawa, ba za ka ce wa mace mai 'ya'ya shida ta haƙura da kasonta don Bature ya zo ya ɗauki hoton daurin guga ba. In ana son gidan ya tsaya sai wani ya biya ta. A Ingila akwai masu biya, National Trust kuɗin membobinta miliyoyi da na tikiti take juyawa. Mu wa zai biya? Masu kuɗinmu da za su iya, su ne masu plazar.

Shi ya sa nake ganin masu zagin talakan cikin birni a intanet sun saki jaki suna dukan taiki. Wanda ya kamata a ɗaure wa hannu shi ne mai sabon kuɗi, da doka mai haƙori irin wadda ta hana attajirin Landan taɓa tagarsa a Lavenham, a zaɓi ko layi biyar ne a cikin birni da 'yan gidaje a Zariya da Katsina da Daura a ce waɗannan ba a taɓa su, sannan a sa kuɗin yaɓe duk shekara a kasafi yadda ake sa na fenti a gidan gwamnati, a ba magina aikin tun waɗanda suka iya makuba da ɗaurin azara ba su ƙare ba. Agadas ta shiga jerin wuraren tarihin duniya na UNESCO a 2013 da ginin ƙasa, hasumiyar masallacinta mita 27 ba siminti a cikinta, kuma tana tsaye ne don ana hawa ana mata yaɓe. To ba abin da ya gagara ba ne.

Yanzu in faɗi abin da ya sa maganar ta tsaya min a wuya. Gidanmu na gado yana cikin birni, ba zan faɗi unguwar ba. Akwai zaure a gaba mai daurin guga, azara a jere kamar haƙarƙari, bangon ya kai kamu biyu a kauri, da azahar ɗin bazara in ka shiga sai kace an kunna AC, a nan kakanmu yake karatu da almajiransa, a nan aka ɗaura auren iyayenmu mata kusan duka. Shekara biyu kenan ana maganar a sauke shi a fitar da shaguna huɗu a gaba a ɗora bene, kuɗin haya ya dinga riƙe gidan. Da ba a yi ba saboda babu kuɗin. Yanzu akwai, kuma kowa a gidan ya san daga ina, fam ɗin da nake turawa duk wata ne ake tarawa. Ni ne attajirin Bury St Edmunds ɗin, ni ne mai jan bulon. Ina nan ina biyan tikiti in shiga in shafa katakon wasu, can kuma ana lissafin buhun siminti nawa kuɗina zai saya.

Na faɗa wa Kawu haka muna kan hanya, wajen Long Melford, nace ni fa ban yarda a taɓa zauren nan ba. Yace "to kai kake kwana a gidan? Kai kake tare ruwa da bokiti a watan Agusta?" Nace zan biya kuɗin yaɓen, duk shekara, a nemo magini na gaske ba mai leda da siminti ba. Yace shagunan fa, Inna da yaran marigayi da me za su ci, tarihi? Nace a fitar da shaguna biyu ta gefen lungu a bar zauren. Yace gefen lungu wa zai kama haya. Muka yi ta yi har muka iso gida ba mu daidaita ba.

Ya koma Kano sati biyu da suka wuce. Shekaranjiya ya turo min saƙon murya, rabinsa gaisuwa ne da labarin ƙafarsa, a ƙarshe yace ya sa an kira wani tsohon magini daga unguwar Gini ya zo ya duba zauren, mutumin ya hau ya buga azarar da sanda ɗaya bayan ɗaya yace guda uku ne kawai gara ta ci, sauran lafiyarsu ƙalau. Yace zai turo min lissafin, kuma in sani tun yanzu ya fi kuɗin siminti, kuma maganar shaguna ba a rufe ta ba, an dai ɗaga ta zuwa bayan sallah.